Daga Belfast Zuwa Roubaix: Tarihin Tayar Keken Tsere, Da Wadda Ta Dace Da Aljihun Ɗalibi

Yau maganar keke na zo da ita, kuma a jikin keken ma tayarsa kawai. Na san wani zai ce haba, duk abubuwan da ke damunmu a ƙasashen nan a rasa abin rubutu sai taya? To a bi ni a sannu. Tun da Biniam Girmay ɗan Iritiriya ya ci tseren Gent-Wevelgem a 2022, ya kuma zo ya ɗauke koriyar riga a Tour de France a 2024, na lura 'yan uwanmu da aka haifa a nan suna ta shiga harkar keken tsere. Ni kaina ina cikin kulob ɗin kekuna na jami'armu a nan Ingila, kuma tambayar da sababbin shiga suka fi yi ita ce: wace taya zan saya wadda zan yi atisaye da ita kullum, in kuma shiga tsere da ita ranar Lahadi? Dalilin tambayar kowa ya san shi. Taya mai kyau guda ɗaya tana cinye kuɗin cefanen ɗalibi na mako, ga shi biyu ake saye.

Da na bi diddigin abin, sai na ga ashe gardama ce da ta haura shekara 130 ana yin ta: tauri ya fi gudu ko laushi? Wanda ya san yadda gardamar ta faro da inda ta kwana, shi ba zai sha wahalar zaɓe ba.

KAFIN A SA ISKA

Kekunan farko masu feda, irin waɗanda gidan Michaux ke ƙerawa a Paris wajen shekarun 1860, ƙafafunsu na katako ne an naɗe da ƙarfe, kamar na amalanke. Turawan Ingila har suna suka sa wa keken mai ma'anar “girgiza ƙashi”, don in ka hau shi a kan titin duwatsu sai haƙoranka sun yi kaɗawa. A 1869 aka yi tseren Paris zuwa Rouen, kimanin kilomita 123, kuma James Moore da ya zo na ɗaya sai da ya shafe sama da awa 10 a hanya.

Roba dai tana nan a lokacin. Charles Goodyear ya yi rajistar dabararsa ta dafa ɗanyen ɗanko da farar wuta a 1844, abin da ya sa roba ta daina narkewa da zafi, ta daina daskarewa da sanyi. Daga sunan wannan dabara a Turance ne ma masu facin taya a gida suka samo sunansu na bakin titi. To sai aka riƙa naɗa wa ƙafar keke dunƙulalliyar roba marar iska. Ta fi ƙarfe dama-dama, amma da John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Coventry a 1885, mai ƙafafu biyu matsakaita da sarƙa irin wanda muka sani yau, sai jijjiga ta dawo sabuwa, don ƙaramar ƙafa ta fi babba jin kowane rami.

LIKITAN DABBOBI A BELFAST

John Boyd Dunlop ɗan Sikotlan ne, likitan dabbobi, yana zaune a Belfast. A 1887 ya haɗa wa ɗansa wata taya don ƙaramin kekensa mai ƙafa uku: bututun roba, a hura masa iska, a rufe shi da ƙyalle. Ya yi rajistarta a 1888. 'Yan tseren lokacin dariya suka yi ta yi. Abu ne mai kauri, lufu-lufu kamar matashin kai, su kuma sun yi imani cewa taya sai ta yi tauri ta yi siriri za ta yi gudu.

Ranar 18 ga Mayu 1889, Willie Hume, kyaftin ɗin wani kulob ɗin kekuna na Belfast, ya hau wannan taya a wasannin Queen's College. Tsere huɗu ya shiga, huɗun ya cinye. Cikin waɗanda ya kayar akwai 'ya'yan wani attajiri, Harvey du Cros, wanda bai tsaya jin haushi ba, ya nemi Dunlop suka kafa kamfani a Dublin a wannan shekarar. Gani ya kori ji. Daga baya a 1890 aka gano cewa wani ɗan Sikotlan ɗin, Robert William Thomson, ya riga ya yi rajistar taya mai iska tun 1845, aka soke haƙƙin Dunlop, amma kasuwa ta riga ta buɗe.

Ku riƙe labarin Hume ɗin nan da kyau, don za mu sake cin karo da irinsa nan gaba.

MATSALAR FACI

Tayar Dunlop a manne take da ƙafar keke. In ta yi faci, aikin awoyi ne kafin a ɓamɓare, a liƙe, a mayar, a jira gam ya bushe. 'Yan uwan nan biyu, André da Édouard Michelin na garin Clermont-Ferrand a Faransa, su suka fito da wadda ake kwancewa a 1891. A watan Satumba na shekarar aka yi tseren Paris zuwa Brest a dawo Paris, kusan kilomita 1,200, mutum sama da 200 suka tashi. Charles Terront ya hau tayar Michelin ya ci, cikin awa 71 da minti 22. A Birtaniya kuma, a 1890, Charles Welch ya ƙirƙiro taya mai waya a bakinta, William Bartlett ya yi mai kaurin baki da ke maƙale wa rim. Jikokin waɗannan ne ke jikin keken Rali da iyayenmu ke ba mu labari, wanda ake kai wa mai faci a gindin bishiya ya tsoma tiyub a ruwa yana neman inda ke kumfa.

Tun daga nan aka gane abubuwa biyu ake nema a jikin taya, kuma ba sa son zama inuwa ɗaya: gudu, da juriya wa ƙusa da ƙaya.

ABIN DA BA A RUBUTA A JIKIN KWALI

Ba zan wuce wannan wurin ban tsaya ba. Haukan keke da ya kama Turai da Amurka a shekarun 1890, sannan motoci suka biyo baya, shi ya sa farashin ɗanko ya tashi. A lokacin ba a kafa manyan gonakin roba ba tukuna, daga daji ake tatso ta, a Amazon da kuma Afirka. Ƙasar Kwango tana hannun Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam a matsayin mallakarsa ta ƙashin kansa daga 1885 zuwa 1908. Aka ɗora wa ƙauyuka adadin ɗankon da za su kawo, wanda bai cika ba a yi garkuwa da matansa, a ƙone gari, a yanke hannaye. Rahoton Roger Casement na 1904 da gwagwarmayar Edmund Morel suka tona asirin, kuma masana tarihi na ƙiyasta waɗanda suka salwanta da miliyoyi.

Abin da ya karya kasuwar ɗankon daji shi ne irin bishiyar roba kusan 70,000 da Henry Wickham ya kwaso daga Birazil ya kai lambun Kew na Landan a 1876, daga can aka kai Asiya. Yau Tailan ce kan gaba a duniya wajen noman roba, Kodebuwa kuma a Afirka. Mu 'yan Afirka da ke hawa keke a titunan Turai ya kamata a ce mun san wannan babi.

INDA AKA RABA TAYA BIYU

To daga ina maganar “ta atisaye” da “ta tsere” ta fito? Daga gam da zare. 'Yan tsere sun rungumi wata irin taya da zan kira ɗinkakkiya: ana sa tiyub a cikin ƙyallen auduga ko siliki, a ɗinke shi ruf kamar tsiran alade na kanti, a liƙa roba a bayansa, sannan a manna shi a rim da gam. Ba ta da nauyi, tana da laushi, tana kwanciya a kwana. In kun taɓa ganin tsofaffin hotunan Tour de France, wanda aka fara a 1903, za ku ga mahaya sun rataya taya a kafaɗa sun gicciya ta a ƙirji. Dole ce ta sa: doka ta ce kowa ya gyara kekensa da kansa, ga hanyoyin tsakuwa, ga 'yan kallo masu mugunta da suka riƙa watsa ƙusoshi a hanya a 1904 da 1905. Har cikin shekarun 1950 ana ganin wannan rataye.

Ɗinkakkiya tana da wata fa'ida: ko iska ta fita, tana nan manne, ana iya lallaɓawa. A 1995 a Duitama ta Kolombiya, Abraham Olano ɗan Sifen ya ƙarasa kilomitar ƙarshe da tayar baya a sace, ya zama zakaran duniya a haka. Amma gam ma yana da ranarsa. A Tour na 2003, a gangaren shiga garin Gap, rana ta narkar da kwalta, ƙafar bayan Joseba Beloki ta zame, tayar ta kwaɓe daga rim, ya faɗi ya karya cinya da gwiwar hannu da wuyan hannu. Yana na biyu a gasar a lokacin, kuma bai sake komawa ƙarfinsa na da ba.

Ga talaka mai son keke kuwa, ɗinkakkiya azaba ce. Tsada, ga mannawa na cin kwanaki, in ta yi faci sai ka farke ɗinki ka sake ɗinkewa. Don haka kowa ya zama mai ƙafafu kashi biyu: masu nauyi da taya mai baki don zirga-zirga da atisaye, sai ɗinkakku da ake ɓoyewa don ranar tsere. A nan Ingila 'yan kulob na da har wasu 'yan ƙarafa suke ɗaurawa a gaban keke, su rataya ƙafafun tsere, su tuƙa zuwa wurin gasa da asuba, su canja, in an gama su mayar su koma gida. Tsofaffin kulob ɗinmu da suka ga ƙarshen zamanin har yau suna ba da labarin.

ZAMANIN SIRIRI DA TAURI

A 1975 Michelin ya fito da siririyar taya mai baki mai suna Elan, kamfanin Mavic ya yi mata rim mai ƙugiya a ciki don kada iska ta tumɓuke ta. Kafin nan, a 1965, Stephanie Kwolek ta kamfanin DuPont ta gano zaren Kevlar, wanda daga baya ya maye gurbin wayar bakin taya, taya ta rage nauyi har ana naɗe ta a sa a aljihu. Tazarar da ke tsakanin taya mai baki da ɗinkakkiya ta fara raguwa.

Sai dai a daidai lokacin tsohon imanin nan ya dawo da ƙarfinsa. A shekarun 1980 da 1990 ana hawa taya mai faɗin milimita 19 ko 20. A shekarun 2000 kusan kowa milimita 23 yake hawa, a ɗura mata iska har bar 8, wajen PSI 116 ke nan, ta yi tauri kamar dutse. Kuma suna da hujja: in aka gwada taya a ɗakin gwaji a kan gangar ƙarfe mai santsi, duk ƙarin iska sai jan tayar ya ragu. Ga shi kuma in kana jin jijjiga a hannu da mazaunai sai ka ɗauka gudu kake yi.

Titi kuwa ba gangar ƙarfe ba ne. Daga 2006 Jan Heine da mujallarsa Bicycle Quarterly suka riƙa gwaji a kan titi na gaske da mutum a kan keke, daga baya irin su Tom Anhalt da Josh Poertner suka faɗaɗa binciken. Abin da suka gano mai sauƙin fahimta ne. Taya mai tauri in ta taka tsakuwa ba ta lotsawa, sai ta ɗaga keke da mahayinsa sama, kuma ƙarfin da aka yi wannan ɗagawar da shi daga cinyarka ya fito, ya tafi a banza. Taya mai laushi haɗiye tsakuwar take yi ta wuce. Akwai iyakar da in iska ta wuce ta, gudu raguwa yake yi, kuma gwargwadon rashin kyan titi gwargwadon saukowar iyakar. Sannan faffaɗar taya, a iska iri ɗaya, wurin da take taɓa ƙasa gajere ne mai faɗi, jikinta bai cika lanƙwashewa ba, ƙarfi kaɗan take ci. Wato dai abin da Hume ya nuna a 1889 aka sake ganowa da na'urori.

ROUBAIX TA RABA GARDAMA

In ana son a ga gaskiyar taya, Paris-Roubaix ake kallo. Tun 1896 ake yin sa a arewacin Faransa, kuma cikin hanyar akwai sama da kilomita 50 na daɓen duwatsu irin na gonaki, wanda ko mota sai ta yi a hankali. Fabian Cancellara ya ci a 2010 da ɗinkakkiya mai milimita 27, wadda a lokacin ake wa kallon ƙatuwa.

A gefe guda kuma wata sabuwa ta shigo, tubles, marar tiyub, wadda ake zuba wa ruwan ɗanko a ciki ya toshe ƙananan huji tun kana tafiya. Ta fara a kekunan dutse a 1999, Shimano da Hutchinson suka kawo ta keken titi a 2006. An daɗe ana yi mata kallon hadarin kaji. Tony Martin ya ci tseren agogo na duniya a 2011 da taya mai baki da tiyub, irin ta kowa. Alexander Kristoff ya ci Gent-Wevelgem a 2019 da tubles. A 2018 hukumar kekuna ta duniya ta halatta birkin faifai gaba ɗaya, firam ya samu sararin ɗaukar faffaɗar taya. Sai 2021: Lizzie Deignan ta ci Paris-Roubaix na mata na farko da tubles, washegari Sonny Colbrelli ya ci na maza cikin ruwa da taɓo da tubles mai milimita 32. A 2024 Mathieu van der Poel ya ci da milimita 32, a gudun da ya kai kusan kilomita 48 a awa. Ɗinkakkiya da ta yi mulki sama da shekara 100 yanzu ta zama 'yar tsiraru a manyan gasanni.

Abin da wannan ke nufi gare mu shi ne: tayar da ƙwararru ke tsere da ita yau irin wadda kai ma za ka shiga kanti ka saya ce, ka sa da hannunka, ka gyara a bakin titi.

TO WACE ZA A SAYA?

Ga yadda nake gani, bisa tarihin nan da kuma abin da nake hawa.

Na farko faɗi. Milimita 28 ita ce tsaka-tsaki, 30 in titunan garinku sun lalace. Amma duba firam ɗinka tukuna. Yawancinmu na hannu muke saye, kuma tsohon keke mai birkin roba sau da yawa 25 ko 28 ce iyakarsa. A bar sarari a kowane gefe, kada taya ta riƙa gogar firam.

Na biyu aji. Kowane kamfani na da aji uku. Akwai ta tseren agogo zalla, fatarta kamar takarda, ba ta daɗewa. Akwai mai sulke irin Gatorskin, wadda ƙusa ke jin tsoro, amma a gwaje-gwaje jan da take yi ya kusa ninka na tayar tsere, kuma robarta mai tauri ba ta kama jiƙaƙƙen titi sosai. Sai ta tsakiya, irin Grand Prix 5000 ta Continental da ta fito a 2018, ko takwarorinta na Vittoria da Michelin da Pirelli da Schwalbe: roba mai kama ƙasa, jiki mai laushi, da siririn ɗamarar kariya a ƙarƙashi. Wannan ajin shi ne amsar tambayarmu. Za ku ga an rubuta yawan zare a kowane inci a kwali, 60 ko 120 ko 320. Yawan zare na nuna laushi, amma wasu kamfanoni haɗa shimfiɗa uku suke yi su ba da jimla, don haka kada lamba ta ruɗe ku.

Na uku iska, kuma ita kyauta ce. Mai nauyin kilo 70 a kan milimita 28 bai cika buƙatar wuce bar 4 zuwa 5 ba, ta gaba ta ɗan gaza ta baya. In rim ɗinka sabon yayi ne marar ƙugiya, bar 5 ce iyaka, kuma sai tayar da aka yi dominsa. Wannan maganar rai ce, kada a yi wasa da ita.

Na huɗu, tiyub ko tubles? Ya danganta da inda kake. 'Yan uwanmu na Sudan da Chadi da Saudiyya, da na kudu maso yammacin Amurka, sun san tsidau, ƙayar da Turawa ma suka sa wa suna mai nufin mai huda taya. A irin wuraren nan ruwan ɗanko rahama ne, sai dai zafi na busar da shi, a riƙa dubawa bayan 'yan watanni. Mai zama a ɗakin ɗalibai wanda ba ya son ruwan ɗanko a kafet, tiyub ya ishe shi: baƙin tiyub na kullum don atisaye, na ɗanyen ɗanko mai laushi don ranar tsere, a tuna shi yana sace iska cikin dare, sai an ƙara kafin a fita. Mu na Ingila kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da manoma ke aske shingen ƙaya su bar ta a titi, ba tsere ake yi ba, in da hali a sa mai sulke a ajiye mai kyau.

Na ƙarshe, tayar baya ta fi saurin cinyewa. In ta ƙare, mayar da ta gaba baya, sabuwa ta tafi gaba, don in ta gaba ta zame a kwana ba a cika tsira ba. Araha ba ta ado, kuma fatar jiki ta fi roba tsada.

Nan zan dakata. Wanda ke da tsohon hoton babansa ko kakansa da keke, ko wanda ke hawa a Kumasi, Yawunde, Jidda ko Njamena, ya rubuto mana ya faɗi irin tayar da ke jure wa titunansu. Sai mun sake haɗuwa, a sauka lafiya.